Ciwon Gado

Surukar Tela ta matse hancin jikarta 'Yar Firit da yatsu biyu, tana jira bakin ya buɗe ta zuba mai. 'Yar Firit ta shiƙe, idanunta suka firfito. A haka Tela, uwar yarinyar, ta shigo, tef ɗin awo na rataye a wuyanta.

"Inna! Za ki kashe ta!"

"Kashe ta? Ba likita ya ce kitsen jininta ya yi ƙasa ba? To ga kitse, ina mayar mata."

Tela ta fizge 'yarta, tana bubbuga bayanta har numfashi ya dawo. Tsoro ya kama ta, fushi ya biyo baya. Yarinyar da ko ruwa sai an lallaɓa take haɗiyewa!

* * *

Tela kam ba ta manta bayanin likita ba, don da yarenta ya yi mata shi. Ya ce jiki na ƙera wasu sinadarai masu dakon kitse a jini, kuma sai an maƙala musu ɗan sukari kafin su yi aiki, kamar riga da maɓallai. Na 'Yar Firit ba maɓalli suke fitowa. Ba yunwa ba ce, mai ba zai gyara ba, ɗura kuwa na iya sauka a huhu.

"Ciwon gado ne," in ji shi. "Rabi daga uwa, rabi daga uba. Da ɗaya kaɗai ba ya fitowa."

Mijinta, direban bas, yana zaune ya ji. Har kai ya gyaɗa, bawan Allah. Amma da maganar ta iso gida, sai rabin da ya shafe shi ya faɗi a hanya.

* * *

"Gado dai aka ce," Inna ta goge hannu da gefen zani. "Mu danginmu ƙarti ne, kowa ya gani. Ki bincika gidanku."

Tela ta juya ga mijinta da ke tsaye bakin ƙofa.

"Maigida, faɗa mata abin da likita ya ce. Kalma ɗaya daga bakinka, ta daina ɗurar nan."

Ya dubi uwarsa, ya dubi makullin motar da ke hannunsa.

"Ai Inna ta fi mu sanin yara," ya ce a hankali. "Kuma likitocin nan, ba komai ake ɗauka ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Tausayi ya ba ta, wallahi, amma tausayi bai hana ta jawo zani ba. Ta goya 'yarta, ta ɗaure tamau.

"Shi ke nan, Inna. Tunda gadon nawa ne ni kaɗai, na ɗauki abina."

Ya matsa ya ba ta hanya. Da suka zo wucewa, 'Yar Firit ta miƙa hannu ta kama rigarsa, amma yatsunta ba su da ƙarfin riƙewa.