Saniyar da Patience Ta Sa a Shafi

"Har yanzu ba ki rubuta ba?" Baba Hammajoda ya tambaya, numfashinsa yana fita da ƙyar.

Patience ta sunkuyar da kai. Ɗaliba ce mai haya a gidansa a Yelwa, ita ta yi wa sana'arsa ta man shanu shafi a intanet. Shafi kam ya yi kyau, kore shar, ga hoton wata ƙatuwar saniyar Turawa wadda ko kakarta ba ta taɓa taka Bauchi ba. Wata uku yana roƙonta ta zauna ya faɗa mata abin da za a rubuta, tana cewa, "Baba, mutane ba su karatu, hoto suke kallo."

Jiya wata mai gidan abinci a Abuja ta aiko tambaya: daga wace ruga man yake zuwa, kuma zai riƙa samuwa har da rani? Shafin ba shi da amsa. Matarsa Sa'adiyya ma ba ta sani ba, ita dai nata soyawa da ɗurawa a kwalba. Mata biyun da ke kawo masa man, da inda suke sauka, duk a kansa suke. In ya tafi da su, abincin gidan ya tafi.

"Faɗa mini yanzu, Baba." Patience ta kunna naɗar murya a waya. Kunya ta ishe ta.

"Don Allah ki bar shi ya huta," in ji Sa'adiyya tana masa fifita. "An tafi nemo keke napep a kai shi asibiti."

"Bar ta," ya ce. "Fatu, ranar Laraba, kasuwar Muda Lawal, bayan masu hatsi. Ba ta yi wa mai haɗi. Amma a shinshina kafin a karɓa. Da rani ba ta zuwa, sai ta biyun. Ita ce mai man kirki. Sunanta..."

Tari ya sarƙe shi. Patience ta matso da wayar daf da bakinsa, tambayar na kan harshenta. Sai ta ji Sa'adiyya ta ajiye mafici ta fara karanta masa kalmar shahada a hankali, leɓɓansa suna bi.

Patience ta haɗiye tambayar, ta janye hannunta.

A ƙofar gida mai keke ya yi ta danna oda. Da kukan Sa'adiyya ya iso masa, ya kashe injin.