Injin Faskaren Doña Otilia

"Tsaya daidai mana, tsohuwa, ba rawa na ce ki yi ba."

Haka na tarar da su a rumfar walda da ke bayan gidansu. Maƙwabcinmu Don Belarmino yana durƙushe da alli a hannu, matarsa Doña Otilia tana tsaye jikin injin faskaren itace, yana jan layi a ƙarfen daidai kwankwasonta.

"Shekara arba'in da huɗu ba ka san tsawona ba?" ta ce.

"Na da na sani. Yanzu kin motse."

Ni da faɗa na shigo. Tun da na dawo garinmu Coyhaique, a kudancin ƙasar Chile, daga jami'a nake bin gida-gida ina roƙon mutane su daina ƙona ɗanyen itace. Kowace shekara garinmu shaƙe kansa yake yi da hayaƙi, yara na tari har su yi amai, don kawai ba a tuna faskare sai sanyi ya shigo. Ka yi magana a ce haka aka taso aka gani. Don Belarmino kaɗai ya saurare ni. Ya yi mini alkawarin sa wa injinsa baki mai raba gungume huɗu, mu faskare wa unguwa tun Disamba, itacen ya bushe kafin Mayu, watan da sanyi ke shigo mana.

Sai ga injin an datse masa ƙafafu. Hannun da ake ja ya koma hagu, alhali shi da dama yake aiki.

"Baba, ina bakin da muka yi magana? Me ya sa injin ya gajarce?"

"Injiniya Danitza ta iso da sammaci," ya ce. "Otilia, ba ta shayin mate ta huce."

Ita ce ta ba ni amsa, tana miƙo mini ƙoƙon da hagunta. "Likita ya ce zuciyarsa ba za ta kai sanyi ba. Ɗanmu Rigoberto kuwa ya ce da an binne shi zai kwashe ni zuwa Santiago, babban birni, bene hawa na sha biyu. Wai wa zai faskara mini itace."

"Wa kuwa zai faskara?" na ce.

Don Belarmino ya nuna ta da allin.

Daga ranar kullum sai na leƙa, ina son ganin yadda za a mayar da injin ƙato ya zama na mace mai ciwon gaɓoɓi. Gungume ya fi ƙarfin ɗagawarta, sai ya ƙera wani faranti a ƙasa, ta mirgina gungumen da ƙafa, man injin ya ɗaga shi. Hannun ja ya yi wa yatsunta tauri, ya ƙara masa tsawo da bututun tsohon keke. Ya rage wa injin gudu, har na ce ai kunkuru ya fi shi.

"Hannu ɗaya take ja da shi," na ce wata rana. "Ɗayan fa? Kan itacen za ta ɗora. Haka mutanen garin nan suke rasa yatsu suna dariya!"

Ya daɗe yana kallon hannunta. "'Yar nan bakinta kamar zarto," ya ce, "amma tana yanka daidai." Kwana biyu ya yi yana haɗa hannu na biyu, yadda bakin ba zai motsa ba sai an riƙe duka.

Abu ɗaya ya rage. Injin na fetur ne, da igiya ake tayar da shi, ita kuma ta ja har ta zauna a ƙasa bai ko yi tari ba. Ya samo ƙaramar motar juya inji mai aiki da lantarki, wadda maɓalli kawai ake dannawa ta tashi. A kan aikin ɗora ta yake ranar Alhamis da hantsi. Doña Otilia ta kai masa burodi, ta same shi zaune a kan bokiti, ya jingina da injin, gilashin walda a ɗage a goshinsa. Ta ce sai da ta yi masa tsiya sau biyu kafin ta gane.

Washegarin jana'iza Rigoberto ya fito da akwatuna biyu ya ajiye a ƙofa.

"Mama, ki yi haƙuri. Bai gama ba. Ko tayar da shi ba za ki iya ba."

Ta wuce shi zuwa rumfa, muka bi ta. An riga an ɗora motar, an ja waya, amma noti biyu na ƙafarta suna ajiye a cikin gwangwanin kifi. Ta duba bango, ta zaro sifana ba tare da ta karanta lambarta ba.

"Ku kuna tsammani wa ke miƙa masa kaya duk shekarun nan?"

Ta daɗe tana ɗaurewa. Rigoberto ya miƙa hannu, ta buge shi da gwiwar hannu. Ta danna maɓalli, motar ta ɗauka. Ta mirgina gungume da ƙafa, farantin ya ɗaga shi, ta kama hannayen biyu. Bakin ya shiga a hankali, itacen ya yi ƙara, ya buɗe, ƙamshin ɗanyen ice ya cika rumfar.

Ta mirgino na biyu.

A na huɗu Rigoberto ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataya a ƙusa. Ya kwashi faskaren ya fara jerawa jikin katanga, takalminsa na birni yana nutsewa a laka.

"Ɓawon a sama, ɗan birni," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. "Ruwa zai sauka."

Ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya.