Haƙoran Magajin Gari

Kifin ya matso, ya shinshina naman da ke bakin tsinke, ya ɗan tsotsa, ya furzar. Naman ya gangara a hankali ya kwanta kan yashin tankin, kusa da na jiya.

"Ya ci?" Muryar Chicho Rangel ce daga ɗakin kwana.

"Ya ci, Chicho," in ji Rositsa.

"Rositsa, ke da ƙarya ba ku dace ba. Ko ranar da kika fasa min gilashin baranda kina yarinya ba ki iya ta ba. Ya ci ko bai ci ba?"

Ta ajiye tsinken. "Bai ci ba."

Ƙofar Rositsa da ta Chicho Rangel suna kallon juna ne a hawa na huɗu, a wani tsohon bene na unguwar Asparuhovo da ke birnin Varna, a bakin teku. A gabansa ta girma tana ce masa Chicho, wato kawu, ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo gidan iyayenta, yanzu har furfura ta fara leƙo mata. Shi kuwa kuku ne a jiragen ruwa na dakon kaya har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Bayan rasuwarta ne ya sayo wannan talibambam na ruwan gishiri, mai launin toka da ɗigo-ɗigon baƙi, fuska kamar ta ɗan kwikwiyo. Ya raɗa masa Magajin Gari, wai don ga tumbi, ga ci, ga ba ya tsinana wa kowa komai. Da tsohon ya shigo falo sai kifin ya taho jikin gilashi yana kaɗa 'yan fika-fikansa, in kuma abinci ya makara ya feso masa ruwa a fuska. Duk benen an san hira biyu Chicho Rangel yake da su, ta teku da ta Magaji.

Tun farkon bazara zuciyar tsohon ta kwantar da shi. Asibiti suka yi iya yinsu suka maido shi gida, kowa kuma ya san ma'anar hakan. Rana ɗaya ya miƙa wa Rositsa mabuɗi ya ce, "Ni dai nawa ya ƙare. Wancan mai tumbin na bar miki." Ta karɓa da hannu biyu. Kullum kafin ta tafi shagon da take gyaran farce sai ta leƙo, in ta taso ma nan take fara sauka. Ta dafa wa tsohon romon kaza, ta murƙushe masa dankali har ya zama kamar kunu, sannan ta koma kan kifin. Wajen masunta take sayo masa midi, 'yan halittun nan na teku masu baƙin ɓawo biyu, ta zauna ta gyara masa su tsaf.

Yanzu ga shi kaka ta shigo, ƙamshin gasa tattasai ya cika matakalar bene, Magaji ya daina ci. Tumbin da ake masa tsiya da shi ya lotsa. Babu abin da ba ta gwada ba. Mai shagon kifi ya ce ta jiƙa naman da ruwan tafarnuwa, ta jiƙa. Ta canza ruwa, ta auna gishiri, ta sayo jatan lande mai tsadar da ita kanta ba ta ci. Kifin zai zo da yunwarsa, ya kai baki, ya kasa. Abin da ya fi tayar mata da hankali, shi ma tsohon ya ture kwano.

Ta shiga ɗakin da romo. Ya rame har hancinsa ya ƙara tsawo.

"Cokali uku kawai, Chicho."

"In ya ci, in ci."

"Haba, tsoho da kai kana yajin cin abinci saboda kifi?"

"Da wa kike so in yi saboda shi? Da gwamnati?" Ya yi tari, ya huta. "Ni abin da ke damuna ma, kunnena ya riga ni mutuwa. Da, daga nan kwance ina jin sa yana fasa ɓawo, ƙurus, ƙurus, kamar mai cin gyaɗa. Rabona da jin wannan ƙara tun ina iya zuwa banɗaki da ƙafata."

"Wane ɓawo kuma? Ai ɓare masa nake yi."

Tsohon ya juyo da kai a hankali. "Kina me?"

"Ina ɓare masa. In cire naman, in wanke, in yanka ƙanana. Ya zan jefa wa bawan Allah abu da ɓawo kamar dutse? In ya maƙale masa fa?"

Chicho Rangel ya rufe ido. Ta ɗauka ciwon ne ya motsa, ashe dariya ce ke girgiza shi, dariyar da ba ta da sauran ƙarfin fitowa.

"Wayyo Rositsa. Kin mayar min da Magaji majinyaci irina. Je ki dubi bakinsa da kyau."

Ta je ta durƙusa gaban gilashin. Sai yanzu ta gani. Haƙoran nan huɗu masu kama da bakin aku sun yi tsawo, na sama sun hau kan na ƙasa, bakin ba ya buɗuwa sai ɗan kaɗan.

"Haƙorinsu ba ya daina tsiro," tsohon ya ɗaga murya daga ciki. "Ɓawon ne ke goge shi. Ɓawon shi ne maganin."

Rositsa ta zauna daɓas a ƙasa. Wata da watanni tana ɓata farcenta wajen ɓare midi, tana jin daɗin ta kyauta, ashe da hannunta take rufe wa kifin baki. Ta yi kuka sosai don takaici, irin wanda ta daɗe tana ɓoyewa a gaban tsohon.

"In kin gama, ɗauko jakar aikinki," in ji shi. "Mai yanke farcen matan Varna ba za ta kasa haƙori huɗu ba."

"Ni? Wallahi ba zan iya ba. In ya mutu a hannuna fa?"

"In kin bar shi ma a hannunki zai mutu. Zaɓi ɗaya."

Washegari da hantsi ta dawo da 'yar kwalbar man kanumfari daga kantin magani, irin wanda ake ɗiga wa mai ciwon haƙori. Ta jera roba biyu a kan kujera gefen gadonsa, duka da ruwan tanki. Ta tallafe tsohon da matasai har ya zauna. Rabon da ta ga idonsa da haske haka tun kafin ya kwanta.

"Kada ki ɗaga shi sama da ruwa. In ya haɗiyi iska ya kumbura, mun shiga uku. Da kwano za ki kamfato shi."

Ta kamfato shi da kwanon miya. Da Magaji ya hango fuskar da ke kan matashi sai ya juyo, ya tsaya cak yana kaɗa fika-fikai.

"Ka gan ka," in ji tsohon. "Duk ka zube. Wa zai sake zaɓen ka a haka?"

Ta ɗiga man a roba ta farko yadda ya ce don ya sa kifin barci, ta motsa, ta saka kifin. Ba a jima ba ya fara tangaɗi, ya kwanta a gefe. Ta tallafo shi da jiƙaƙƙen hannu, bakinsa kaɗai a waje. Ta ɗauki ɗan almakashin farce, aikin da hannunta ya sani ne.

"Kaɗan-kaɗan. Ba gatari ba ne."

"Chicho, yi min shiru. Ni na taɓa koya maka dafa wake?"

Ƙyas. Ƙyas. Ta rage na sama, ta rage na ƙasa, ta mayar da shi cikin ruwa mai kyau. Kifin ya kwanta kamar gawa. Su biyun suka zuba wa robar ido, ba mai ko tari. Can sai fiffike ɗaya ya motsa, ɗayan ya bi, Magaji ya mirgina ya daidaita, yana buɗe baki yana rufewa kamar mai mamakin kansa.

Ranar Chicho Rangel ya sha cokali biyar na romo, wai bashi ne ya ba kifin. Amma Magaji bai ci ba. Ya laɓe bayan dutse yana fushi da kowa.

"Zai ci," in ji tsohon. "Bar shi ya gama jan aji." Ya kamo hannunta. "Saurara. Kin kira Zlatka, ko? Ƙanwata mutuniyar kirki ce, amma 'yar ƙauye ce ta gaske. Ina rufe ido za ta rufe madubai, ta zubar da duk ruwan da ke gidan nan, wai Mala'ika Mika'ilu ya wanke takobinsa a ciki bayan ya ɗauki rai. Za ta zo kan tankin nan da bokiti. Ga abin da za ki ce mata." Ya jawo ta ya raɗa mata a kunne.

"Chicho! A gidan makoki zan faɗi wannan?"

"Makokina ne. Na ba ki izini."

Lelya Zlatka, wato gwaggo Zlatka, ta iso a motar safe, gajeriyar tsohuwa mai baƙin ɗankwali, da jakar tuffa da ba mai ci. Ta karɓi jinya, Rositsa ta ɗan samu sararin komawa aiki. Kullum tsohon zai tambaya ko Magaji ya ci, kullum amsar ɗaya ce, ba ta kuma sake yi masa ƙarya ba.

Ran Alhamis da safe ta sauka bakin teku ta zaɓo ƙananan midi masu ɓawo, ta hawo bene da ledar a hannu. Tun daga hawa na uku ta ga ƙofarsa a buɗe. An buɗe taga, an rufe madubin zaure da farin zani. Nan take ta gane. Sai kuma ta lura da wani shiru da ba ta saba ji a gidan ba. An zare wayar famfon da ke juya ruwan tankin.

Lelya Zlatka na tsaye a falo, idanu jawur, bokiti a ƙafarta, tukunya a hannu.

"Ya tafi, 'yata. Yanzun nan, kamar mai barci. Allah ya gafarta masa."

"Allah ya gafarta masa," in ji Rositsa, hawaye na zuba. Ta ratsa ta gefenta ta mayar da wayar famfon, ta tsaya tsakanin tsohuwar da gilashin. "Lelya, ban da wannan."

"Matsa. Na zubar da na buta, na zubar da na kwalabe. Ruwan da mutuwa ta tarar a gida ba ya kwana. Ki sa kifin a kwano ki tara masa na famfo."

"Na famfo zai kashe shi kafin la'asar."

"To ya mutu mana! Yayana ma ya mutu. Kifi ya fi shi ne? So kike a ce na bar shi ya tafi ba a yi masa yadda aka yi wa iyayenmu ba?"

Rositsa ta ga ba taurin kai ba ne, tsoro ne da ƙauna, ta ji tausayinta. Ta share fuska da bayan hannu.

"Lelya, wannan ruwan gishiri ne. Mala'ika ba wawa ba ne da zai tsoma takobinsa a ciki. Tsatsa zai yi."

Tsohuwar ta buɗe baki. Tukunyar ta yi ƙasa a hankali.

"Wannan ba maganarki ba ce," ta ce. "Bakin Rangel ne. Shi ya sa ki, ko? Ɗan banza, har ya mutu bai daina tsokanata ba." Dariya ta kuɓuce mata, ta rikiɗe ta zama kuka. Rositsa ta rungume ta, ledar midi na ɗiga a bayan baƙar rigar.

Da ta natsu ta ce, "Ruwan na bar miki. Amma gilashin nan yana nuna fuska, sai an rufe shi."

"A rufe."

Kafin su yafa mayafin tebur a kan tankin, Rositsa ta zaɓi midi mafi ƙanƙanta, da ɓawonsa da komai, ta jefa. Magaji bai ko fito daga bayan dutse ba.

Da rana aka shimfiɗa Chicho Rangel cikin akwatin gawa a tsakiyar falo, sanye da kwat ɗin da ya yi aure da ita. Maƙwabta suka riƙa shigowa da furanni bibbiyu, su kunna kyandir, su zauna jikin bango. An manna takardar rasuwarsa a ƙofar bene. Rositsa na zaune kusa da Lelya Zlatka, ba abin da ke cin ta kamar yadda ya tafi bai ji amsar da yake jira ba. Hira ta yi ƙasa, ta mutu. Sai gurnanin famfo kawai.

Ƙurus.

Wata maƙwabciya ta yi alamar gicciye. Rositsa ta damƙe hannun tsohuwar.

Ƙurus, ƙurus.

Lelya Zlatka ta dubi tankin, ta dubi fuskar yayanta. Ta miƙe da kyar, ta taka zuwa wajen, ta kama gefen mayafin da ke fuskantar akwatin, ta naɗe shi sama. Magaji na jikin gilashi yana tauna, yana kaɗa 'yan fika-fikansa, gutsattsarin baƙin ɓawo suna sauka a hankali kan yashi.