Abin da Inna ta gani ta saman katanga

Inna na cikin shanya wanki da hantsi sai ta ji an banke ƙofar maƙwabcinta, Baba Tela. Katangar da ke tsakaninsu iya kafaɗarta ce, ko ɗage ba ta yi ba ta ga komai. 'Yan sanda ne suka cika tsakar gidan da bindigogi, kowa na daka tsawa. Tsohon kuwa yana rumfarsa, ya ba ƙofa baya, yana ta taka keken ɗinkinsa.

Duk layin an san kunnen Baba Tela ya daɗe da mutuwa. Ka ce ya rage maka wando, sai ya ƙara masa aljihu, ya kuma yi maka faɗan ba ka buɗe baki in za ka yi magana.

"Ba ya ji!" Inna ta ƙwala ihu. "Ku taɓa shi, wallahi ba ya ji!"

Muryarta ta ɓace cikin tasu. Tsohon ya ga inuwa ta faɗo kan yadin da yake ɗinkawa, ya juyo da almakashi a hannu, da fara'ar da yake tarbar masu kawo ɗinki. Sai harbi. Ya zame tsakanin keken da benci, ƙafarsa ɗaya ta maƙale a kan abin takawa.

A bakin ƙofar da aka ɓalla, Inna ta hango ɗanta, wanda mutanen layi ke kira Kofur. Bindigarsa na kallon ƙasa. Suka haɗa ido, ya kawar da kai.

Kafin azahar magana ta fito: gidan da ake nema yana layin baya. Amma da yamma rediyo ya ce wani mutum ne ya far wa jami'ai da makami. Auta, 'yar marigayin, ta hana kowa wanke jinin da ke rumfar. "Sai an zo an gani," in ji ta. Muryarta duk ta dushe.

Inna ta kasa zama. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta ɗora ruwan shayi, ta manta da shi har butar ta ƙone. Ta ɗauki mayafi za ta shiga wurin Auta, ta kai soro ta dawo. Me za ta ce mata?

Washegari Kofur ya zo. Bai karɓi ruwan da ta miƙa masa ba.

"Inna, masu bincike za su bi gida-gida. In sun zo, ki ce kina ɗaki."

"Ina ɗaki, da jiƙaƙƙen zani a hannuna?"

"Ba ni na yi harbin ba."

"Na sani, Babana. Na ga wanda ya yi. Kai ma na gan ka."

Ya goge zufa da bayan hannu. "Oga ya ce bakinmu ya zama ɗaya. Duk wanda ya saɓa, a kansa za a juye komai. Ina da mata, Inna, ina da yara."

"Shi kuma Baba Tela daga sama ya faɗo, ko?" Ta kama hannun rigar aikinsa ta jijjiga. "Ranar da suka ba ka wannan ta yi maka buhu, wa ya matse maka ita?"

Ya zare hannunsa a hankali ya fita. Ta bi bayansa da kallo, ta ga yadda kafaɗunsa suka rankwafa kamar na ubansa. Ita ta haife shi. In aka kore shi fa? In aka ɗaure shi?

Mai binciken da ta zo washegari mace ce, siririya mai tabarau. Ta faro daga bakin layi, Inna na leƙenta ta kafar ƙofa. Mai shago ya ce yana kasuwa lokacin. Makaniki ya ce yana ƙarƙashin mota, ko harbin bai ji ba. Matar mai wanki da guga ta turo ƙofa tun kafin a gama sallama. Ƙafar mai binciken na matsowa, Inna na kai-komo tsakanin ɗaki da soro. Ta saka sakata, ta zare, ta sake sakawa.

Ta bayan katanga ta ji Auta na kora ƙudaje daga rumfar, tana magana ita kaɗai, da ƙarfi, yadda ta saba yi wa mahaifinta don ya ji.

Aka yi sallama.

"Mama, sannu da gida. Ko kin ga wani abu shekaranjiya?"

Inna ta zare sakatar.

"Shigo, 'yata. Zo ki tsaya inda na tsaya."

Ta kai ta gindin igiyar shanya. Ta nuna mata rumfar da keken. Ta faɗi yadda ya ba da baya, da ihun da ta yi, da kamannin wanda ya danna kunamar bindiga, dogo mai tabo a haɓa. Sannan ta shimfiɗa tabarma suka zauna.

"Kin gane wani a cikinsu?"

Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ɗana yana ciki. Bai yi harbi ba. Bai kuma hana ba."

Matar ta cire tabarau ta dube ta.

A lokacin ne suka ji motsi a soro. Kofur ne tsaye cikin kayan aiki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Bai shigo ba, bai kuma juya ba. Can ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi.

Mai binciken ta ɗan matsa gefe, ta bar masa wuri a kan tabarma.