An Gaishe Ka, Mainasara

Habi ta cije bakin zaninta yayin da mijinta Mainasara yake naɗe kurkunun ƙafarta a sillen kara, a hankali, don in ya katse a cikin ƙafa sai abin da Allah ya yi. Haka Tungar Maccido take kowace damina. Da an gama shuka sai rabin gari ya kwanta, ciyawa ta cinye gero. Yunwar da ta biyo baya bara ita ta ɗauke musu 'yar autarsu. Malamin tsabta ya ce daga ruwan tafki ciwon yake, ya hau kekensa ya koma Wurno. Bai faɗi inda za su sami wani ruwan ba.

"Gobe wakilinmu na majalisa ka zuwa garin hakimi, za ni hwaɗa musu," in ji Mainasara. "Rijiya ɗai muka so."

"Kai?" Habi ta ce, har da 'yar dariya cikin azaba. "Kai da ko ɗan doka ka gani sai ka tuɓe takalmi?"

* * *

Ƙarfin halin nan a ajin yaƙi da jahilci ya samo shi. Wata la'asar Malam Bube, mai koyar da su, ya zana da'ira uku a ƙasa da tsinke.

"Ga En'e, hukumar sarki, ga majalisar Kaduna, ga ta Ikko. Wanda kunka jefa ma ƙuri'a, ɗan aikenku na. Ku ka aika shi, shi kai kukanku can."

"Malam, har zancen rijiya?"

"Har rijiya."

Tun ranar Mainasara yake haddar jawabinsa, a gona, a kan jaki, har a bayan gida. Bai taɓa jin cewa wani mai rawani zai zama ɗan aikensa ba, abin ya yi masa daɗi ƙwarai.

* * *

Washegari da hantsi Mainasara ya isa garin hakimi. Ɗan aiken nasa, wato wakilin, yana zaune kan darduma ɗaya da hakimin, cikin alkyabba, dogarai sun kewaye su. Wannan Malam Bube bai zana shi a ƙasa ba. Shi ma malamin yana can gefe cikin ma'aikata, kansa a sunkuye.

Sanƙira ya yi shela cewa mai magana ya matso. Masu unguwanni suka riƙa zuwa suna zubewa, a tambaye su labarin ƙasa, su ce sai alheri. Mai garinsu ma, wanda ɗingishin kurkunu ya sa aka riƙo shi, alherin ya ce.

Mainasara ya tashi. Bai san lokacin da takalmansa suka fita ba, sai ya ji gwiwoyinsa a ƙasa. Ya yi niyyar farawa da rijiya, amma wane ɗan halak ne zai buɗe baki gaban manya ba gaisuwa?

"Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamani..."

"An gaishe ka!" dogarai suka amsa baki ɗaya.

Wakilin ya dube shi da fara'a, ba mugun mutum ba ne. "Malam, ya mutanenku? Ya ruwa?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Amma tun kakanni amsar tambayar nan ɗaya ce, kuma ta riga tunaninsa fita.

"Ruwa sun yi gyara, ranka shi daɗe."

"Madalla."

"An gaishe ka! Ya gode, ya yi godiya!"

Ya ɗaga kai zai ce amma, hannun dogari ya riga ya dafa kafaɗarsa, wani mai gaisuwa kuma ya durƙusa a inda yake. Kafin azahar mota ta tashi. Wakili zai shaida wa majalisa cewa ƙasa lafiya, kuma ba ƙarya zai yi ba, abin da aka gaya masa ke nan. Mainasara ya tsani bakinsa kamar ya cire ya yar.

* * *

Ya tarar da Habi a bakin ɗaki, ƙafar ta ƙara kumbura, ƙudaje na bin tsumman da aka ɗaure ta da shi.

"Mi sunka ce?"

Ya zauna yana kakkaɓe ƙasar da ta manne a gwiwoyin wandonsa.

"Sun ce an gaishe ni."

Ba ta yi masa dariya ba wannan karon. Randa babu ko ɗigo. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki tulu, ta nufi tafki tana jan ƙafa.