Zanen Wuƙa

Mani ya tsuguna a bakin kwalta yana juya guntun tayar da ta fashe. Motar Nababa, maƙwabcinsa, tana kwance a gefe cikin gonar da aka share ana jiran ruwa, buhunan albasa sun watse. Shi Nababa an tafi da shi asibitin Bici. Kafin la'asar ya cika.

Shekara ashirin Mani yana tuƙi. Ya sa farce cikin zanen tayar, ya ji waya. Zanen ba na kamfani ba ne. Tayar ta riga ta suɗe, aka sa wuƙa mai zafi aka yanka mata sabon zane, aka shafe ta da baƙin mai. Lambobin nan huɗu da ke nuna shekarar da aka yi ta an kankare su.

Mako uku kafin nan shi da Nababa suka sayi tayoyin. A shekarar, sabuwar taya ta fi ƙarfin direban ƙauye. Mani ne ya kai Nababa rumfar Isyaku, ɗan ƙanwar mahaifiyar Mani. Suka ɗauki huɗu, kowa biyu.

"'Yar Beljam ce, ta hannu daga Turai," in ji Isyaku. "Dubi zane. Damina ta zo, ko a laka sai ta kama."

"Damina da sauranta," in ji Nababa. "Bazara nake ji. Kwalta tafasa take."

"Rage mata iska kaɗan, shi ke nan."

Nababa ya dubi Mani. Mani ya ce, "Ɗan'uwana ne. Ɗauka."

Ranar sadakar uku Isyaku ya zo da farar riga, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya tashi, Mani ya bi shi bayan rumbu.

"Kai ka yanka zanen?"

"Yaya Mani, kwana ne ya ƙare."

"Na san kwana. Taya nake tambaya."

Isyaku ya dubi takalminsa. "Duk kasuwa haka ake yi. In ban yanka ba wa zai saya? Ai na ce masa kada ya sa ta a gaba."

"Ba ka ce ba. Ina tsaye a wurin."

"To, na yi niyyar faɗa."

"Nawa biyun fa?"

Isyaku ya ce, "Ka mayar da su baya. In ta baya ta fashe, da sauƙi."

Mani ya juya ya bar shi a wurin. A zaure Inna Hure, mahaifiyar Nababa, ta tare shi.

"Mani, an ce gudu yake yi."

"Ba gudu yake ba, Inna. Taya ce. Ni na ce ya saya."

Ta gyara mayafi ta shige.

Ranar Juma'a kasuwar Bici ke ci. Da hantsi fasinjoji suka taru a ƙofar gidan Mani da kwanduna da akuyoyi. Suka tarar da motarsa a kan duwatsu, ya cire tayoyin gaba. Suka yi ta sallama, bai fito ba, suka kama hanya a ƙasa. Kaji suka shiga ƙarƙashin motar, suka kwanta a inuwa.