Hoton Dada Kwaji a Bakin Shanyar Gyaɗa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya halicci haske da duhu, Ya auna wa kowanne gwargwadonsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Malam Mu'azu mai gyaran agogo ya danna kyamara, ya kare gilashin bayanta da hularsa domin ya ga abin da ta kamo. Ga farin ɗankwali fes. Ga gyaɗa a shanye, mutum zai iya ƙirga ta ƙwaya-ƙwaya. Har kazar da ke raɓe a gefe ta fito da kyawunta. Amma inda fuskar Dada Kwaji ya kamata ta kasance, babu komai sai baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ɗanta Tizhe, manomi, aminin Malam Mu'azu, ya leƙo ta kafaɗarsa ya daɗe yana dubawa.

"Malam, ina uwata?"

Malam Mu'azu ya amsa da cewa tana nan, haske ne ya yi mata rowa.

Ba wasa ne ya kawo shi ƙauyen Vimtim, kusa da Mubi, da rana tsaka ba. A shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shiga Mubi, Tizhe ne ya bi da iyalin Malam Mu'azu ta cikin duwatsu har suka tsira. Da aka dawo, Tizhe ya tarar an ƙone masa ɗaki, duk hotunan gidansu sun zama toka. Jikokin tsohuwa da ke Jos da Legas suka yi ta roƙon a aika musu da hotonta, ita kuwa shekara biyu tana ƙi. Sai yau ta yarda, bisa sharaɗi biyu: ba za ta bar wa kaji gyaɗarta ba, kuma da zarar an kwashe shanya da la'asar, kada wanda ya sake yi mata maganar hoto har ta koma ga Ubangijinta.

Kyamarar kuwa 'yar Malam Mu'azu, Na'imatu, ce ta kawo masa daga Yola da Babbar Sallah. Ta zaunar da shi ta nuna masa ɗan faifan da ke samanta mai haruffa. In an juya shi kan koriyar alama, kyamara ce ke yanke hukuncin komai. A kan A, kai ne za ka faɗi girman buɗewar idonta, ita ta zaɓi lokaci. A kan S, kai ne mai lokacin ƙiftawarta, ita ta zaɓi buɗewa. A kan M kuwa, duk nauyin yana wuyanka. Malam Mu'azu ya saurara da ladabi, ya sa mata albarka, ya mayar da faifan kan kore, bai sake taɓa shi ba. Ya ce wannan shi ne tawakkali.

Da ya maimaita wa Tizhe wannan bayani, sai Tizhe ya tambaye shi ko in an kawo masa agogon da ya tsaya, rataye shi yake yi ya jira ikon Allah. Malam Mu'azu ya shafa gemu, ya yarda cewa manomi ya kayar da shi a mas'ala, ya kuwa tuna cewa Hausawa ma sun faɗa, Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Da lallashi suka matsar da kujerar tsohuwa ƙarƙashin darbejiya, inda sandarta za ta iya kaiwa bakin shanya. Malam Mu'azu ya yi bisimilla, ya juya faifan zuwa A, ya ƙanƙance idon kyamara yadda komai zai fito daram. Ita kuwa kyamara, da ta ga inuwa ga ƙaramin ido, sai ta ja lokaci. A daidai nan kaza ta kawo hari, Dada Kwaji ta zabura da sanda. Abin da ya fito ya yi kama da guguwa mai ɗankwali, hannuwa uku, kai biyu. Tizhe ya ce in aka aika wannan Legas, jikoki za su tara fastoci.

"Kai mai agogo," in ji tsohuwa da irin Hausarta, "rana yana tafiya. Ko agogonka bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini, Dada. A ƙara mini haƙuri kaɗan."

Ya koma kan S. Nan dai gidansa ne, domin wanda ya shekara talatin yana raba daƙiƙa ba za a tsorata shi da lokaci ba. Ya zaɓi kashi ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa. Sanda ta tsaya cak a iska, kaza ta daskare da fiffike a buɗe. Amma fuskar ta sake dushewa.

Ya zauna a kan turmi yana nazari, inuwar darbejiya tana ta miƙewa, matar Tizhe har ta fito da buhuna. Sai abin ya faɗo masa. Ashe kyamarar nan halin wasu mutane gare ta, fararen kaya ne ke ruɗin ta. Tana ganin hasken ɗankwali da na filin da ke baya, sai ta runtse ido don kada su ƙone, ta manta da mai ɗankwalin. Muddin ya bar mata rabin hukunci, tufafi za ta girmama.

Ya juya faifan zuwa M. Ya bar lokacin yadda yake, ya buɗe idon har iyakarsa. Wata 'yar alama ta yi ta nuna masa cewa haske ya yi yawa. Ya ce mata ya ji, amma ba ɗankwali ya zo ɗauka ba. Ya roƙi Tizhe ya daina korar kaji, ya durƙusa duk da ciwon gwiwa, ya jira. Kazar nan ta sake lallaɓowa, tsohuwa ta ɗaga sanda tana zaginta tana dariya, ya danna.

Ɗankwali ya narke cikin haske, filin baya ya zama fari fat. Amma ga fuskar nan sarai, da duk tamojinta, da giɓin haƙorinta, da ƙyallin idonta.

Ya kai mata. Ta goge hannu a zani, ta kawo gilashin dab da hancinta, ta ƙura masa ido.

"Wannan Adi ne."

Adi ƙanwarta ce, wadda ƙafa ta gaza mata a hanyar gudu, aka binne ta can cikin duwatsu, ko hotonta ɗaya bai rage ba. Tizhe ya buɗe baki zai gyara mata, Malam Mu'azu ya taɓa masa hannu.

"Na sani ni ne," in ji ta, ba ta ɗaga kai ba. "Amma haka yake dariya. Ka wanke biyu, mai agogo. Ɗaya na jikokina, ɗaya na yaran Adi." Ta miƙa masa kyamarar, ta ɗauki sandarta. "Kazan nan kuma ka bar shi a ciki, a san ɓarawo."

Malam Mu'azu ya mayar da kyamara jaka, faifanta yana kan M, ya nemi buta domin la'asar ta yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, da waɗanda suka kwanta a hanya ba su ga dawowa ba. Kai kuma mai karatu, Allah Ya haskaka fuskarka a ranar da tufafi ba su da amfani. Amin.